Wa zai yi wa mota azumin kaffara?

Rana tsaka muna cikin bas daga Ajingi za mu Gaya, ina gaba kusa da direba, wani dattijo da ake kira Malam Sabo. Tun a tasha na nuna masa bidiyo a wayata: mota a ƙasar waje tana tafiya, sitiyari yana juya kansa, kujerar direba ba kowa. Ya kalla har ƙarshe.

Da muka zo wata kwana a tsakiyar gonakin gyaɗa, sai ya rage gudu, ya danna ham sau ɗaya, ya ɗan kauce. Na duba titi, ko akuya babu.

"Malam, wa muka kauce wa?"

"Wani mai keke. A nan na buge shi shekarun baya." Idonsa na kan hanya. "Da ƙafata na je gidansu ta'aziyya. Iyalinsa suka yafe mini, na yi azumin kaffara wata biyu a jere. Amma har yau in na iso nan, yana gabana da buhunsa a bayan keke."

Muka wuce kwanar.

Can sai ya ce, "Waccan motar taka da ba kowa a ciki, in ta kashe mutum, wa zai yi azumin? Fuskar wa matarsa za ta kalla ta ce ta yafe?"

Sai na ga na waiwaya, ni ma ina neman mai keken.

Ku da kuka san doka da addini, ku taya ni: azumin nan a wuyan wa yake?