Gangar da Ta Tashe Ni a Rafi

Wallahi wannan abu a kaina ya faru, ba labari aka ba ni ba. Na tashi a wani ƙauye ta wajen Ruwan Bago, zamanin ana gayya sosai, kuma kun san gayya ba ta armashi sai da gangar noma. Makaɗinmu Baba Sale ne, kowane saurayi ya yi masa take, da ka ji naka sai ka zabura ka rungumi fartanya. Na abokaina duk na jarumta ne, ni kuwa da yake Allah Ya yi ni da barcin tsiya, abin da ganga ke cewa a nawa shi ne, "Tashi, raggo, rana ta yi!" Kai, na tsani kiɗan nan! Har gida na bi shi na roƙe shi ya daina, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ran da ka daina barci na daina."

Shekaru suka ja, aka daina gayyar ma, na yi aure har da 'ya'ya biyu. Wata rana da damina ina noman gyaɗa ni kaɗai, rana ta take, sai na gangara rafin gefen gonata, babu ruwa sai yashi mai sanyi, na kwanta a inuwar gaɓa, barci ya kwashe ni. Sararin sama fes, ko gajimare babu.

Can sai na ji ganga daf da kunnena, kuma takena ne! Na juya, ta ƙara ƙarfi. Raina ya ɓaci, na ce yau sai na fasa gangar tsohon nan, na haye gaɓa a fusace ko takalmi ban sa ba. Babu kowa. Ina cikin waige-waige na ji ruri, ashe ruwa aka sheƙa can nesa ta saman rafin, ya taho jajawur da itatuwa. Innalillahi! Kafin in ƙifta ido ya shafe inda na kwanta, ya tafi da fartanyata da takalmana.

Nan take na nufi gidan Baba Sale in yi godiya, sai a hanya na tuna shekara biyu ke nan ɓarin jikinsa ya shanye, ko cokali ba ya iya riƙewa. Na same shi kwance a zaure, gangar tana rataye, ɓeraye sun cinye fatar, saura icen kawai.

Na durƙusa na ce, "Baba, barka da yamma, ya jikin?"

Ya dubi ƙafata, ya murmusa da rabin baki ya ce, "Raggo, ka dai tashi?"

Ban tambaye shi yadda aka yi ya sani ba, shi ma bai ƙara ba, har ya koma ga Allah. Kullum na yi salla sai na sa shi a addu'a. Ku dai kada ku kwanta a rafi da damina, kuma dattijon da ke tsokanarku ku bar shi ya yi. Ni har yau ko a biki na ji ganga, sai na ga na miƙe tsaye.