Baƙar Tukunyar Mutanen Chavin

Ko da tsufa zai kwashe mini tunani kaf, ina jin abin da ya faru a shekarata ta biyu a jami'a, nan Zinder, shi ne zai fita ƙarshe. Tarihi nake karantawa a lokacin. Yau ni ma malama ce, amma duk ranar da darasi ya kai ni kan mutanen Amirka na dā sai abin ya dawo mini kafin in fara.

Ni 'yar Mirriya ce. Innata maginiyar tukwane ce, haka uwarta, haka kakarta. Na tashi cikin warin yumɓu da hayaƙin matoya, kuma tun ina 'yar lakwal, wato makarantar firamare, na ƙudurta cewa boko ne zai raba ni da wannan ƙazanta, sunan da nake kiran sana'ar da shi ke nan a raina. Da na shiga jami'a na haɗu da 'ya'yan ma'aikata da na manyan 'yan kasuwar birni, sai na tsiri ƙarya. Duk wanda ya tambaye ni aikin mahaifiyata sai in ce, "Kasuwanci take yi." Ba na ƙara komai. Ranar Lahadi, in ƙawayena suka ce za su je kasuwar garinmu, nakan ƙirƙiri ciwon kai, don kada su bi ta rumfar masu tukwane wani ya ce ga uwar wance can.

A wannan shekara muna da wani malami dattijo, ba ya tsawa, amma tambayarsa ta fi bulala zafi. Ya raba mana aikin da kowa zai tsaya gaban aji ya yi bayani, abin da muke kira ekspoze, kuma makin da aka samu a nan shi ne rabin sakamakon darasin. Ni aka ba mutanen Olmek da mutanen Chavin. Ban taɓa jin sunansu ba. Na duƙufa na karanta. Olmek a ƙasar Meksiko ta yau suka zauna, wajen bakin teku, kimanin shekara dubu uku da suka wuce. Sun sassaƙa kawunan mutane da dutse, wasu sun fi dogon namiji tsayi, kuma daga tsaunuka masu nisa suka jawo duwatsun alhali ba su da ƙarfe ba su da amalanke. Chavin kuwa can kudu suke, a tsaunukan Peru. Sun gina gidan bauta mai lunguna a ƙarƙashin ƙasa, sun zana fuskoki masu haƙoran damisa, sun bar tukwane baƙaƙe masu sheƙi. Na haddace duk wannan kamar karatun allo.

Ranar bayani na zuba shi ba gargada. Ina cikin jin daɗin kaina sai malamin ya ɗaga hoton wata tukunyar Chavin da na raba wa aji. Baƙa ce wuluk, tana ƙyalli, wuyanta bututu biyu ne da suka tanƙwara suka haɗu a sama suka zama baki ɗaya.

"Madamazel, wannan baƙin daga ina ya zo?"

Na ce, "Fenti ne, Mushe," kamar yadda muke kiran malamai maza da Faransanci.

"Fenti? A wane littafi kika gani?"

Na hau laluben takarduna. Ya ce to wannan wuyan fa, don me aka wahala aka yi shi haka? Wannan ma babu shi a takardun. Ya ajiye hoton a hankali ya ce, "Kin faɗa mana abin da suka bari. Ba ki faɗa mana komai game da hannun da ya yi shi ba. Na ba ki mako biyu. In kin dawo da hadda, sifiri ne."

Na duba duk littattafan da na samu, na duba a waya, abin da na gani kalmomi ne na Faransanci masu nauyi waɗanda na iya furtawa amma ban fahimta ba. Ranar Juma'a na hau mota na tafi gida raina a ɓace. Na tarar da Inna a tsakar gida tana cuɗa yumɓu. Na zauna kan tabarma ina jujjuya takarduna, iska ta ɗauki hoton nan ta kai shi gabanta. Ta goge hannu a zane ta ɗauka. Na zaci miƙo mini za ta yi, sai na ga ta matsa wajen haske ta ƙura masa ido.

"Wace ce ta gina wannan?"

Na ce, "Inna, mutanen dā ne, can bayan teku. Ba za ki gane ba."

Har yau in na tuna wannan kalma tawa sai in ji kunya ta rufe ni. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Mai haƙuri ce, ko wace ce. Kin ga wannan sheƙin? Dutse ne. Kafin tukunya ta gama bushewa, tana da ɗan sanyi-sanyi, ake bi da dutse mai santsi ana gogewa har hannu ya mutu. Baƙin kuma hayaƙi ne. In wuta ta ci ta yi ja, sai a rufe ta ruf da ƙaiƙayi a hana ta numfashi. Hayaƙin ba ya samun hanyar fita, sai ya shige jikin tukunya."

Na tashi zaune. Abin da littattafan suke ta kewaye-kewaye a kai ke nan, ga shi a bakin matar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba. Na ce, "To wuyan fa?"

Ta juya hoton. "Wannan sai na gwada. Ban son in yi miki ƙarya."

Washegari da hantsi ta fara. Ta gina cikin, ta naɗa yumɓu a jikin kara ta zare, ta samu bututu. Na farko ya karye wajen tanƙwarawa. Na biyu ya tsage a mahaɗa da ya sha iska. Ta zauna tana dubansa tana gyaɗa kai, ta ce, "Wannan mata ta fi ni. Ta san lokacin da yumɓu ke yarda." Ban taɓa jin Inna ta ce wani ya fi ta a gini ba. Ta kuma ƙi yarda in ce wataƙila namiji ne ya yi. Na ce littafi bai faɗa ba, ta ce to littafi ya bar ta da nata zaton.

Na koma Zinder na dawo a Juma'a ta gaba. Na tarar wuya na uku ya tsaya. Ta ba ni dutsen gugarta, wanda ta gada wurin uwarta, ta ce in kama. Na yini ina guga har yatsuna suka ƙage. A wannan yinin muka yi hirar da ba mu taɓa yi ba. Na ba ta labarin kawunan dutse na Olmek, ta tambaye ni su wa suka ciyar da masu jan dutsen, tambayar da ni ban taɓa yi ba. Na gaya mata cewa masarar da muke gasawa da gyaɗar da ta yi wa ƙasarmu ta Damagaram suna duk daga waɗannan ƙasashe suka fito. Ta yi dariya har da tafa hannu. "Ashe mun daɗe muna cin abincinsu ba mu gaishe su ba!"

Da aka toya tukunyar aka tone ta daga toka, ta fito baƙa tana ɗaukar ido. Inna ta cika ta da ruwa ta karkata. Ruwan ya zubo siriri, ba kwarara, ba ɓulɓul. Ta ce, "Kin gani? Ruwa na fita ta nan, iska na shiga ta can. Ga bakin ƙarami, rana ba za ta sha abin da ke ciki ba. Ban ce nufinta ke nan ba, amma abin da tukunyar ta nuna mini ke nan."

Ranar Litinin na ajiye tukunyar kan teburin malami. Kowa ya miƙo wuya. Na yi bayanin guga da hayaƙi, na zuba ruwa a kofi kowa ya gani. Malamin ya ɗauke ta ya jujjuya, ya ƙwanƙwasa ta da farce, sannan ya yi tambayar da na san tana tafe.

"Wa ya yi wannan?"

Ƙawayena na zaune a layin gaba. Zan iya cewa wata tsohuwa ce a garinmu, ba wanda zai bincika. Na ce, "Mahaifiyata ce, Mushe. Maginiyar tukwane ce a Mirriya. Ita ta koya mini duk abin da na faɗa yanzu."

Ba wanda ya yi dariya. Wata daga cikin ƙawayen tawa ta dube ni duban da ya fi dariya ciwo, don ta tuna abin da na sha gaya mata. Malamin ya cire tabarau ya ce, "Ki gaishe ta. Ki ce mata wani tsohon malami yana neman izinin kawo ɗalibansa su zauna gabanta." Ya kuwa cika. Bayan wata guda mota ta sauke mu ƙofar gidanmu, Inna ta shimfiɗa tabarmi, ta sa 'ya'yan manya suka naɗe hannun riga suka cuɗa yumɓu, tana yi musu faɗa in sun cika ruwa. Da suka watse na durƙusa na gaya mata ƙaryar da na daɗe ina yi a kanta. Ta ce, "Na sani. Shekara biyu ba ki taɓa kawo ƙawa gidan nan ba." Ta ci gaba da tattara kayanta.

Inna ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Abin da na koya shi ne, duk abin mamakin da mutanen dā suka bari, wani ne ya zauna ya yi shi da hannu da gumi, kuma irin waɗannan mutane ba su ƙare ba, suna nan cikin gidajenmu muna wuce su. Wanda ya raina sana'ar da ta ciyar da shi, ko ya haddace tarihin duniya duka, da sauran karatu a gabansa.