Ruwan da Na Tsare a Gonar Kawu

Shekarun baya can, tun Birnin Kebbi na cikin Jihar Sakkwato, ina koyarwa a wata makarantar fasaha, ina kuma haɗa digiri na biyu a fannin sarrafa na'urori, wato yadda inji zai auna abu ya gyara da kansa ba a sa masa hannu ba. A lokacin ji nake ko tari na yi ilimi ne ke fitowa.

Bincikena a kan ƙofar ruwa ne mai buɗe kanta ta rufe kanta. Na haɗa ta da batirin mota da injin goge gilashi da wata ƙwallon roba mai iyo. Ruwa ya hau, ƙofa ta rufe. Ya sauka, ta buɗe. Saura gonar gwaji. Sai na hau babur zuwa Gulma, can ƙasar Argungu, wurin kawuna, yayan mahaifiyata. Gonar shinkafa ɗaya tak gare shi a bakin fadama, ita ce abincin gidansa na shekara.

Da na roƙe shi in yi gwajin a gonar, bai yi musu ba. Muka zagaye gonar da tudun ƙasa, na kafa ƙofar, na tsayar da ruwa a taƙi ɗaya kamar yadda na gani a littafi. Kawu ya daɗe yana kallon ruwan, sannan ya ce, "Ɗana, nan za shi tsayawa? Ba shi ƙara hawa?"

Na ce, "Ai shi ne aikin, Kawu. Ko yatsa ɗaya ba zai ƙaru ba."

Ya ce, "To. Ku kunka yi karatu."

Abin da ban sani ba, ban kuma tambaya ba, shinkafarsu ta gado tare da ambaliya take tashi. Ruwa na hawa tana ƙara tsawo, ciyawa kuwa ruwan ya shanye ta ta mutu. Littafina zancen wata shinkafar yake, ta wata ƙasa. Ni da na tsare ruwa ƙasa-ƙasa, ciyawa na yi wa gata. Duk Asabar in zo da ma'auni da takarda, in duba ruwa, in yi murna, in koma unguwarmu Nassarawa a Birnin Kebbi. Koren da ya cika gonar ma albarka na ɗauke shi.

Da kaka ta yi, maƙwabta na ta yankan shinkafa, abin da kawu ya samu bai kai irin da ya zuba ba. Na ce, "Kawu, don me ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Na gani tun da hwari. To mi za ni cewa? Uwakka ta ce wanga aiki shi na jarrabawakka. In na buɗe ƙohwa na ɓata maka, da wane ido za ni duban ƙanwata?"

Na rubuta babi guda a kan asarar na kai wa malamin da ke duba aikina. Ya karanta, ya turo mini takardun. "Ruwa ya tsaya inda ka ce, ko bai tsaya ba?" Na ce ya tsaya. Ya ce, "To cire wannan. Mu injiniyoyi ne, ba malaman gona ba." Na cire. Ba wanda ya murɗe mini hannu, takardata nake so. Aka yi ta yabon aikin, wai zanen da ke nuna tsayin ruwan a takarda ya miƙe kamar an ja zare.

Shekarar nan kawu, da furfurarsa, ƙodago ya yi a gonakin yaran da aka haifa a gabansa. Na kai buhunan shinkafa, ya karɓa don kada in ji kunya, amma bai zauna ya jira hannuna ba.

Har yau abin na ci mini rai. Ba na jin haushin na'urar, abin da aka sa ta ta yi. Haushin kaina nake ji. Shekara biyu ina karanta yadda inji zai saurari ma'auni ya gyara kuskurensa, ni kuwa mai gona ya tambaye ni ƙiri-ƙiri ban ji ba. Kawu ya daɗe da rasuwa. Littafin binciken na nan a ɗakin karatun jami'a, an rubuta gwaji ya yi nasara, ɗalibai na kafa hujja da shi. A shafin godiya na sa malamina da shugaban sashe. Ban sa kawu ba.