Malam Ghali Magini da Ɗakin Dankalin Unguwar Dikko

Haihuwarsa

An haifi Malam Ghali a shekarar 1969, a wani ƙauye na bakin kogi a ƙasar Bebeji. Sunan mahaifinsa Malam Ɗantani, mahaifiyarsa kuwa Lantana. Tun yana ƙarami ruwan madatsar Tiga ya cinye gidajensu da gonakinsu, sai iyayensa suka yi ƙaura zuwa Unguwar Dikko ta ƙasar Doguwa, wajen dangin mahaifiyarsa.

Karatu, sana'a da aure

Ya yi karatun allo a gida, sannan ya yi firamare a Tudun Wada, ya kammala a 1982. Daga nan kawunsa Bala ya koya masa gini, har ya shahara wajen gina rumbuna da soraye. A 1993 ya auri Turai, mutuniyar Ƙafin Maiyaƙi, Allah kuma ya albarkace su da zuri'a.

Ginin ɗakin dankali

Daga 2015 mutanen garin suka rungumi noman dankalin turawa a fadama lokacin sanyi. Amma da zarar an tone shi zafi ya shigo, sai ya fara ruɓewa, har ya zama ba mai iya ajiye irin da zai shuka baɗi. Wannan ya dami Malam Ghali ƙwarai, shi ya sa a 2022 ya tafi Filato ya ga yadda manoman can suke ajiya.

Da ya dawo, ya zana fasalin ɗakin da tsinke a ƙasa, a ƙofar masallaci, dattawa suna kallo. Rabin ɗakin zai shiga cikin ƙasa domin sanyi, a yi masa katanga mai kauri da rufin ciyawa, a jera gadajen gora da za a shimfiɗa dankali a kansu. Sannan a bar kafofin iska a gindin katanga da kuma sama, a rufe su da ragar waya.

Baba Habu, shugaban manoma, ya leƙa zanen ya ce, "Ghali, mu za ka yi wa ginin nan ko ɓeraye? Ka ba su ƙofofi har da labule!"

Aka yi dariya. Malam Ghali kuwa ya ce, "Baba, dawa barci take yi a rumbu. Dankali kuwa numfashi yake, kamar ni da kai."

An gama ginin a ƙarshen 2023. A watan Maris na 2024 kowane gida ya kawo irinsa aka jera a ciki.

Abin da ya faru

A watan Afrilu aka kira Malam Ghali aikin ginin masallaci a Kiru. Bayan tafiyarsa wata mata ta ga ɓera a gindin katangar, hankalin kowa ya tashi, domin irin garin gaba ɗaya yana ciki. Sai aka yi abin da aka gada daga iyaye wajen tsare rumbun hatsi: aka kira gayya, aka kwaɓa laka da kashin shanu, aka liƙe kafofin nan duka, har da bakin ƙofa. An yi aikin cikin nishaɗi, Turai ma ta dama wa masu gayya kunu, kowa yana ganin an taimaki maginin ne.

Malam Ghali ya dawo a watan Mayu, ana tsananin zafi. Tun bai ajiye jakarsa ba Baba Habu ya tare shi da fara'a.

"Sannu da hanya, magini. Mun ƙarasa maka aikinka. Yanzu ko tururuwa ba ta da hanya."

"Baba, me kuka ƙarasa?"

"Ramukan nan mana. Mun shafe su tas."

Waɗanda suke wurin sun ce jakar ta suɓuce daga hannunsa. Ya yi salati, ya ruga a guje, ya sa gatari ya ɓalle ƙofar. Wari ya bugi jama'a har suka ja da baya, shi kuwa ya toshe hanci da hularsa ya sauka ciki, yana cewa wataƙila na ƙasa bai lalace ba.

Aka yi ta jira bai fito ba. Baba Habu ya yi ta kira, "Ghali! Ghali, fito haka nan!" Sai da aka fasa katanga iska ta ratsa, sannan aka iya ɗauko shi.

Rasuwarsa

Ya cika a hanyar asibitin Tudun Wada, yana da shekara hamsin da biyar. Likita ya bayyana cewa ruɓaɓɓen dankali a rufaffen wuri yana cinye iskar da mutum yake shaƙa. Jama'a suka yi cirko-cirko, domin ko tsofaffin garin ba su taɓa jin haka ba. Daga cikin irin kuma ba a tsira da ko ƙwaya ɗaya ba.

An yi masa sutura a ranar, bayan sallar la'asar, a maƙabartar Unguwar Dikko. Waɗanda suka kwaɓa lakar su ne suka ɗauki makararsa.

Ya bar matarsa Turai da 'ya'ya biyar: Mujitaba, Khairiyya, Garzali, Badiyya da auta Luba. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya ba waɗanda suka yi gayyar haƙurin ɗaukar abin da ba su nufa ba.