Zanen Gawayi a Kaskon Guguwa

Wata ranar Laraba ce da sassafe, cikin tsakiyar bazara, shekarar da nake aji biyar na firamare, saura kwana goma a yi zaɓen kansiloli. Na zaga bayan rumbunmu riƙe da bokitin ruwa da doguwar karar da nake tura wa Guguwa kaskonsa da ita, domin ban taɓa yarda na matsa inda igiyarsa za ta kai ba. Kullum ina tarar da kaskon a bushe ƙayau, ya lashe shi har ƙasa. Ran nan na same shi cike kamar yadda na bar shi jiya, da ganyen darbejiya guda ɗaya yana yawo a kai. Guguwa bai miƙe ya kaɗa wutsiya ba. Yana kwance, haɓarsa a sake, yawu yana zuba kamar zare, turken da aka ɗaure shi kuwa ya gwaigwaye shi har farin icen ya fito. Ya ɗago ya dube ni irin kallon da ake yi wa baƙo.

Guguwa karen farauta ne na Baffa Ɗanjuma, ƙanen Babanmu, da muke gida ɗaya da shi a wani ƙauye kusa da Dangora. Ja ne, dogo, mai faɗin ƙirji da ɗamammen ciki, an datse masa kunnuwa tun yana kwikwiyo. Mazan gidan duk suna sammakon tafiya lambun albasa, shi ya sa ba shi ruwa da dusa ya faɗo kaina, a kan sharar tsakar gida da wanke-wanke da kai niƙa. Iya, kakarmu, ta kafa mini doka cewa kada hannuna ya taɓa kaskon nan, don yawun kare najasa ne. Ni kuwa ko ba doka ba zan taɓa ba, saboda tsoronsa nake ji kamar raina. Amma wanda kake tsoro shi ka fi sani. Na san yadda yake lasar ruwa, na san haushinsa na baƙo da na yunwa, na kuma san ɓawon ciwon da ke ƙafarsa ta baya, inda wata dila ta cije shi wata guda da ya wuce. Yayana Sani ya ce abin ya ba su mamaki, don dilar ita ta fito da rana tsaka ta taro karnuka maimakon ta gudu. Mutanen gida sukan ce, "Hauwa ba ta da baki, sai ido."

A ƙofar gidanmu akwai tsamiya, nan maza suke zama bayan la'asar, ni kuma nake kai musu ruwan randa in dawo zaure in laɓe. Musu ba ya ƙarewa a wurin. Yau a ce mafarauci ya fi ɗan ƙwallo ƙarfin numfashi, tunda shi daga asuba zuwa magariba yake gudu, ba alƙali mai busa masa hutu. Gobe a ce karnukan Tudun Wada sun fi namu hanci, amma namu sun fi su ƙafa. A shekarar nan siyasa ta raba inuwar biyu, benci ɗaya a gabas, ɗaya a yamma, har kofin shan ruwa sai da na riƙa kai biyu. Ɗan takarar su Baffa na bencin gabas, wani mai tumbi, ya yi alkawarin zai bi farautar ranar Asabar da ƙafa, don jama'a su ga yana da lafiyar riƙe muƙami. 'Yan bencin yamma suka ce in ya wuce gonar farko su a sauya musu suna. A cikinsu akwai Malam Tukur, malamin dabbobi, wanda ya taɓa zuwa ajinmu ya yi mana bayanin haukan kare. Ya so ya yi wa Guguwa rigakafi da kaka, Baffa ya hana. Ya ce allura tana kashe wa kare zuciya, ballantana allurar ɗan adawa. Tun daga nan ko gaisawa ba sa yi.

Abin da ya rufe wa kowa ido shi ne al'adar mafarauta. In babbar farauta ta matso, sai a ɗaure kare kwana uku ko huɗu, a rage masa abinci, a dama masa wata saiwa da barkono a kunu, wai don ya yi zafi. Saboda haka da Baffa ya leƙa daga nesa ya ga jan ido da gurnani da turke a gwaigwaye, murna ya yi. Na ji shi a gindin tsamiya yana cewa, "Magani ya ci! Ranar Asabar ko inuwar zomo ba za ta tsira ba." Wanda kuma zai riƙe igiyar Guguwa ran nan, a ɗaure a wuyan hannunsa, Yaya Sani ne. Shekararsa goma sha tara, kuma wannan ne karon farko da aka amince masa da babban kare. Wata guda ya yi yana zagaya filin makarantarmu da gudu kafin rana ta fito, yana dawowa jiƙe da gumi yana nuna mini ƙwanjinsa. Shi ne yake goya ni in ƙaya ta soke ni, shi ne yake feƙe mini fensir.

Ranar Larabar nan, kafin in tafi makaranta, na ɗauko gawayi a murhu na ɗaure a bakin karata, na miƙa hannu na ja layi a cikin kaskon daidai inda ruwan ya tsaya. A aji ban ji komai ba sai muryar Malam Tukur ta bara tana dawo mini: murya takan sauya, haɗiya takan gagara, kare yakan manta mai shi. Da aka fita tara ƙawayena suna 'yar carafke, ni ina zaune ina tona ƙasa da tsinke. Ranar Alhamis na ga Guguwa ya sa baki a kaskon da idona, ya lasa, ruwan ya dawo ta gefen bakinsa. Haushinsa ya koma wani dusashen kuka mai jan wutsiya. Na gaya wa Inna tana tankaɗe, ta ce, "Ke dai da tsoro, ko kyanwa ta yi tari sai kin ce mutuwa ce." Na gaya wa Iya, ta ce maganar kare maganar maza ce. Na je gaban Baffa sau biyu, na durƙusa na gaishe shi, maganar ta maƙale, na tashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, gindin tsamiya ya cika, har mai ganga ya zo yana gwada fata. Ina zaure na ji Baffa ya ce, "Sani, je ka kwanto Guguwa, mutanen ɗan takara su ga abin da za su bi gobe." Yaya Sani ya ce bari ya sauya riga, ya shige ɗaki. Ban san lokacin da na ruga bayan rumbu ba. Na jawo kaskon da kara, karen yana fizgar igiya yana kai wa iska cizo, na naɗe hannuwana da ɗankwalina na ɗauka. Na ratsa zaure kaina ba lulluɓi, na dire shi a tsakanin bencin gabas da na yamma. Ganga ta tsaya.

"Ke Hauwa, lafiyarki?" in ji Baffa.

Na nuna layin gawayin. Ɗan abin da ya ragu bai wuce wanda rana ta sha ba. Na ce, "Baffa, tun Laraba bai haɗiyi ruwa ba. A wannan zafin." Muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Wani daga bencin gabas ya ce, "To fa! Tukur ya fara kamfe da 'yan firamare." Aka yi dariya. Malam Tukur bai yi ba. Baffa ma bai yi ba, ya tsura wa layin ido, domin duk abin da ake rage wa kare kafin farauta, ba a taɓa rage masa ruwa. Ya tashi ya shiga gida, ya tare Yaya Sani a ƙofar ɗaki ya ce ya tsaya nan. Ya nufi bayan rumbu yana fito irin wanda Guguwa ya sani tun yana kwikwiyo. Karen ya taso masa gaba ɗaya. Igiyar ce ta fizge shi a sama, amma sai da ya tafi da rabin hannun rigar Juma'ar Baffa. Har yau ina jin ƙarar yagewar shaddar nan.

Baffa ya fito da yagaggen hannun riga, ya tsallaka inuwar da ya yi wata biyar bai tsallaka ba, ya tsaya gaban bencin yamma. Ya ce, "Malam Tukur, salamu alaikum. Taso ka duba mini." Malam Tukur bai ce masa ai na gaya maka ba. Ya duba karen daga nesa, ya juya hannuwan Baffa da nawa da na Yaya Sani yana neman ko ƙwarzane, ya sa na wanke nawa da sabulu har suka yi ja, ya ce duk da haka mu je asibiti da safe. Baffa da kansa ya ɗauko bindigarsa. Na toshe kunnuwa a ɗakin Iya, amma na ji. Aka haƙa rami mai zurfi, aka ƙona turken, aka fasa kaskon. Makonni na yi ina zuwa randa ina kurɓar ruwa ba don ƙishi ba, sai don in tabbatar yana wucewa. An yi farautar ba da mutanen gidanmu ba, an ce ɗan takara ya kai gona ta biyu kafin a ɗauko shi a babur. Wanda ya ci zaɓen ma na manta. Abin da ban manta ba shi ne Baffa zaune a bayan rumbu da yamma, yana kallon tokar turken, ya ce ba tare da ya juyo ba, "Uwata, gobe in kin ga abu, ki faɗa tun ranar Laraba."

Yanzu an sare tsamiyar an gina shago, musun kare da na siyasa ya koma cikin waya, mafarauta kuma a mota ake kwasarsu zuwa bakin daji. Baffa da Malam Tukur sun riga mu gidan gaskiya, kabarinsu ba nisa da juna. Yaya Sani ya yi tumbin da ya fi na ɗan takarar nan, likita ya sa shi tafiyar ƙafa kowace safiya, 'ya'yansa suna binsa suna tsokanarsa. In na je gida na hango shi yana tafe yana haki a gefen filin makarantarmu, sai in dubi wuyan hannunsa na dama, inda igiyar za ta zauna. Ina kewar inuwar nan da hayaniyarta, har da karen da ban taɓa shafa kansa ba. Bakina bai ƙaru sosai ba har yau, amma ban ƙara jiran Juma'a ba.