Fayil ɗin Kawu da Fayil ɗin Madam

Shekarar da na gama karatu, Kawu, ƙanin mahaifiyata, ya ba ni aikin gina shafin intanet na makarantarsa da ke kusa da Ƙofar Wambai, don iyaye su riƙa duba sakamakon 'ya'yansu. Na ce masa aikin mako uku ne. Shekara huɗu na yi a kansa.

A sana'armu akwai ƙa'idar da ko ɗan koyo ya sani. Idan shafuka da yawa suna bukatar aiki ɗaya, kamar lissafin maki, sai ka rubuta umarninsa sau ɗaya, ka ajiye a fayil guda, kowane shafi ya jawo shi daga can. Na san wannan sarai. Abin da ban iya ba shi ne ce wa babba a'a.

Kawu ya ce duk ɗalibin da ya ci talatin da tara a ɗaga shi zuwa arba'in, wato makin ci, kada a karya masa gwiwa. Na rubuta. Bayan mako biyu sai Madam, mataimakiyarsa, matar wani soja a barikin Shadawanka wadda ta girmi mahaifiyata, ta leƙo ɗakin kwamfuta.

"Ɗana, talatin da tara faɗuwa ne. Ka gyara shi."

"To, Mama."

Ban iya goge na Kawu ba, ban iya ƙin nata ba. Sai na buɗe sabon fayil, na kwafi lissafin, na canza layi ɗaya, na sa azuzuwan da take kula da su suna jawo wannan. Malamin Islamiyya ya zo da tsarinsa na makin hadda, shi ma na ware masa nasa. Haka na ci gaba da raba aikin, ba bisa abin da umarni yake yi ba, sai bisa wanda ya nema. Fayil ɗin Kawu yana jawo kwanan wata daga na Madam, na Madam yana jawo sunayen ɗalibai daga na Malam, na Malam kuma ya koma na Kawu. Ka taɓa ɗaya, uku su lalace. Ni kaɗai na san hanya a ciki, kuma don wauta har alfahari nake yi da hakan.

Ana nan sai wani kamfani a Abuja ya ɗauke ni aiki, aka ba ni wata ɗaya in bayyana. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so tafiyar nan ba. Kawu bai hana ni ba.

"Ka je, Allah ya sa albarka. Amma ka bar mana wanda zai riƙe shafin, jarrabawa ta kusa."

Na nemo wata abokiyar karatuna da ta fi ni iya aikin nesa ba kusa ba. Kullum tana hawo acaɓa daga Miri. Kwana uku ta yi tana karanta fayilolin. A rana ta huɗu ta juyo.

"Me ya sa lissafin maki ya zama guda shida?"

"Mutum shida suka nema."

"Wanne ne na gaskiya?"

"Duka."

Ta ce haɗe su wuri ɗaya aikin kwana biyu ne, amma sai wani ya yanke ko talatin da tara ci ne ko faɗuwa. In je in tambayo, in ba haka ba ita ba za ta sa hannunta ba.

Na tarar da Kawu da Madam a ofis suna duba jadawalin jarrabawa. Babu wanda ya san da fayil ɗin ɗan'uwansa a cikinsu. Idan na yi tambayar, dole in faɗi cewa shekara huɗu yara biyu suna cin maki ɗaya, wannan ya wuce, wancan ya maimaita aji, kuma ni na yi. Tsoro da kunya suka rufe ni. Na durƙusa na gaishe su, na tambayi mutan gida, na fito.

Abokiyar tawa ba ta sake zuwa ba. Watan ya ƙare ina zaune a kujerata ina shigar da maki, ban ko iya rubuta wa kamfanin uzuri ba.

Ranar da aka raba sakamako, Kawu ya dafa kafaɗata a gaban malamai, fuskarsa cike da fara'a.

"Ai dama na sani, babu mai iya aikin nan sai kai. Allah ya bar mu tare."

Malamai suka amsa. Ni ma na ce amin.