Namiji ne ni, kuma an yanke min nono

Assalamu alaikum 'yan uwa. Fiye da shekara ban rubuta komai a nan ba. Duk wanda ya tambaye ni, ce masa nake ciwon ƙirji ne. Yau zan faɗi sunansa: saratan ne, ciwon daji, kuma na nono.

I, ni Usman. Ni da kuka sani da gemu da 'ya'ya shida da hawasha, wato gonar ban ruwa, a Wad Haddad.

Lokacin yankan dawa abin ya fara. Na ɗora buhu a kafaɗa, na ji wani abu ya tokare ni ƙarƙashin kan nonon hagu. Ɗan ƙullutu ne kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya zafi. Na ce maruru ne, na manta.

Matata Sa'adiyya ce ta ga ɗigon jini a rigata wajen wanki.

"Ya Hajj, wanga karo na uku ke nan, kuma wuri guda. Mi ke faruwa?"

Na ce ƙaya ce. Ta ce ƙaya ba ta sukar mutum sau uku a wuri ɗaya.

Na je wurin wani mai magani a garin Hajj Abdalla, ya ba ni kafso na mako guda. Bayan wata biyu ƙullutun ya girma, kan nonon ya fara shigewa ciki. Sai muka hau mota zuwa asibitin Madani.

Ɗakin jiran duk mata ne, ni kaɗai namiji. Da aka kira lambarmu, nas ta kama hannun Sa'adiyya ta ce ta shigo. Sa'adiyya ta nuna ni. Nas ta sake ta, ta ce in shigo.

Suka matse min ƙirji a na'urar hoto, suka sa allura suka ɗebi ɗan nama don fahas, wato gwaji. Kwana goma muka jira.

Daktorar yarinya ce, ba ta girmi ɗiyata ta fari ba. Ta ce, "Ya ammi," wato baffa, "saratan ne na nono."

Wallahi dariya na yi. Na ce, "Daktora, duba da kyau. Takardar wata kika ɗauko."

Ta juyo takardar. Sunana ne, da na ubana, da na kakana.

Ban ji sauran maganarta ba. Bakinta kawai nake kallo yana motsi. Shekara hamsin da uku a duniya, ban taɓa jin namiji ya yi wannan ciwo ba. Da hankalina ya dawo, ta ce ba shi da yawa a maza, amma yana faruwa. Sannan ta tambaya ko wani ya taɓa yi a danginmu. Na ce babu.

Da muka koma gida na tambayi gwaggona. Sai ta ce:

"To innarka mi kake tsammani ya kashe ta?"

Ina da shekara goma sha biyu Inna ta rasu. Abin da na sani, an mai da ita ɗakin baya, ana ta turare, mata na shiga suna fita. Mu maza zazzaɓi aka ce mana. Shekara arba'in ina faɗa wa mutane zazzaɓi ne ya kashe uwata.

Aka yi min amaliyya, wato tiyata, aka cire nonon gaba ɗaya da wasu 'yan kaluluwa a hammata. Sai kimawi, maganin kashe dajin, zama shida, kowane mako uku. Ruwa ne ja ake sa wa ta jijiya. Amai, ɗacin baki, ko ƙamshin shayi ba na so. Bayan zama na biyu ina alwala, na shafa gemu, ya biyo hannuna.

Shanu biyu muka sayar. Maƙwabta suka yi min ban ruwan hawasha ba tare da na roƙa ba.

Ga inda na yi laifi.

Tun ranar farko daktora ta ce in gaya wa 'yan uwana mata da 'ya'yana su zo a duba su, don wani lokaci abin yana bin jini. Kunya ta hana ni. Wata huɗu na yi shiru. Da wane baki zan ce wa ƙanwata nono ke min ciwo?

Sa'adiyya ce ta buga wa ƙanwata Zainaba a Abu Hujar, ta ɗora min wayar a kunne. Na faɗa mata cikin in'ina. Sai ta ce:

"Yaya, ni ma akwai wani abu a na dama. Tun kafin azumi. Ban gaya wa kowa ba."

Na zauna a ƙasa.

Nata ma shi ne. Allah ya sa bai yi nisa ba, ƙullutun kawai aka cire. Amma wata huɗun nan har yau yana hana ni sakewa.

Ni yanzu alhamdulillahi. Fahas na baya ya fito lafiya. Ƙwaya ɗaya nake sha kullum, an ce shekara biyar, kuma ina komawa duk wata uku. Hannun hagu bai ɗaukar buhu, amma na koma gona.

Na gode wa Allah. Na gode wa Sa'adiyya, da daktora, da maƙwabtana, da ku da kuka yi ta tambaya ina ɓoye muku.

Mata, ku riƙa taɓa nononku da hammata sau ɗaya a wata, bayan al'ada ta ɗauke. Maza, ku ma ku taɓa. Ƙullutu, ko jini, ko kan nono ya shige, ko fata ta sauya, kada ku jira ya yi zafi. Nawa bai taɓa zafi ba. In magani bai yi aiki ba, ku wuce babban asibiti. Ku tambayi tsofaffi abin da ya kashe iyayenku, ku nace sai sun faɗi gaskiya.

Zainaba saura mata zama biyu na kimawi. Ku sa ta a addu'a. Ranar Lahadi ni zan raka ta.